Inna ta ce a sake kunna mata

Jiya a motar Kaura zuwa Shinkafi, samari biyu da ke gidan gaba suka kaure da gardama kan wani mai shirin hira na intanet, wato fodkas. A wayar ɗayansu muka ji shi yana kiran zawarawa kayan gwanjo, abokan hirarsa suna ta ƙyaƙyata dariya.

Na kusa da direba ya ce wannan rashin tarbiyya ne, shi tuni ya daina sauraronsa. Mai wayar ya ce raha ce kawai, mutane ne ba su waye ba.

Ni da aurena ya mutu bara, na dai kau da kai ina kallon gonakin gero.

Sai wata dattijuwa da ke gefena ta taɓa kafaɗar mai wayar.

"Ɗana, kunnena ba shi ji sosai. Maido shi baya, ni ma in samu abin dariya."

"Inna, ba komai ba ne."

"To, faɗa mini da bakinka."

Ya dubi wayar, ya tura ta aljihu.

Don Allah ku faɗa mini, maganar da mutum ya kasa maimaitawa a gaban Inna, ita ce raha?