Tayoyin da Zungu Ya Sauya wa Motar Ɗansa

Velaphi Zungu mijin yayata ne. Tun ina saurayi nake tsokanarsa, ban taɓa cin riba ba, domin in ka jefa masa magana kamar ka jefa tsakuwa a tsohuwar rijiya ne, ka gaji da kasa kunne ka kama gabanka. Ya zo Katlehong daga ƙauyensu da ke bayan Nquthu da jaka ɗaya da lasisin tuƙi. Ya ɗan taɓa motar haya, bai ji daɗinta ba, ya ce fasinjoji sun cika surutu. Sai ya koma tuƙa motar gawa a wani gidan jana'iza, inda ya sami fasinjojin da suka dace da halinsa. A kan wannan kujera ya yi furfura.

Kowa a unguwa ya san tuƙinsa. In ka ga jerin motoci ranar Asabar yana jan jiki kamar an ɗaure masa ƙafa, ba sai ka tambayi wa ke gaba ba. Ramin titi lallaɓa shi yake yi, tudun rage gudu kuwa sai ka ce zai nemi izininsa kafin ya hau. Yakan rage wa tayoyi iska kaɗan kafin ya ɗauki gawa, don tafiyar ta yi laushi. Ya ce mutum ya sha jijjiga a duniya, ba daidai ba ne a ƙara masa a hanyar ƙarshe. Kuma yakan yi wa na cikin akwatin magana ƙasa-ƙasa: ga kwana nan, ga gada nan, yi haƙuri da wannan.

Na taɓa ce masa, da sunan da muke kiran mijin 'yar'uwa, "Sbali, kai da matattu hira sai ka ce kun yi makaranta tare. Mu masu rai sai gyaɗa kai."

Ya ce su ba sa katse masa magana.

Ɗansa namiji ɗaya ne, Lungelo, sai ƙannensa mata. Yaron bakina ya ɗauko, ba na uban ba, abin da Zungu bai taɓa yafe wa danginmu ba. Ya yi karatu, ya sami aiki a wani ofis a Sandton, kuma da aljihu ya yi nauyi bai yi aure ba, bai sayi shanu ba. Sai ya sayo wata jar mota ƙirar Jamus mai kujera biyu rak. Bai tsaya nan ba, ya kai ta aka cire mata sifirin ɗinta aka sa gajeru masu tauri, har cikinta na neman lasar kwalta. Tayoyinta kuma irin waɗanda ake kira ranfilat ne, masu kaurin gefe, waɗanda ko iska ta fita ba sa kwanciya, sai su ɗauke ka har inda za ka sami mutane.

Sau ɗaya Zungu ya shige ta. Lungelo ya kai shi coci, ya fito yana dafe da ƙugu, ya ce wannan ba mota ba ce, turmi ce, kuma shi aka daka. Daga ranar suka sami abin gardama. Kowace Lahadi, a kan gasasshen nama da tuwon masara, uban zai ce taya mai tauri rashin ladabi ce ga ƙashin baya. Ɗan zai ce Baba bai san manyan hanyoyin yanzu ba, inda ɓarayi ke shimfiɗa ƙusoshi su koma cikin ciyawa su jira wanda zai tsaya canza taya. Ya ce gara ƙugu ya yi ciwo da a same ka durƙushe a bakin titi da sifana a hannu. Uban zai ce duk tsawon aikinsa taya ba ta taɓa kunyata shi da gawa a baya ba. Ɗan ya ce ai wa zai yi wa gawa fashi. Yayata tana jin haushin wannan gardama, ni kuwa ina zuga ta ta kowane ɓangare, domin ban taɓa ganin Zungu ya yi doguwar magana da mai rai ba sai a kan tayoyin nan.

Wata Talata Lungelo ya fito daga ofis, ya yanke jiki ya faɗi a wurin ajiye motoci, bai ƙara tashi ba. Likitoci suka ce zuciya ce. Makullin yana hannunsa.

Gawa za ta tafi ƙauye a motar gidan jana'izar da Zungu ya yi wa aiki, wannan ba matsala. Amma a al'adarmu shi Lungelo ɗin kansa, wato kurwarsa, yana nan inda ya faɗi, sai an je an taso shi da reshen magaryar kura, an kai shi gida. Zungu ya ce shi zai riƙe reshen, ba wani kawu ba. Ya kuma ce a motar yaron za a kai shi, tun da ita ya fi so a duniya. Kujera biyu ce, don haka ni ne direba. Mai riƙe da reshe ba ya magana da mai rai daga inda ya taso mamaci har bakin garken shanun gidansu. In ya yi, mamacin ya sauka a nan. Dangi suka yi ta cewa da dai ba a taɓa samun wanda aikin ya dace da shi kamar Zungu ba.

Ranar Alhamis Zungu ya ce in kai shi da jar motar wurin Cossa, wani ɗan Mozambik mai shagon taya a Germiston. Ina zaton iska za a duba. Muna isa ya ce a cire duka huɗun a sa masu laushi, a kuma mayar wa motar da sifirin ɗinta na asali. Cossa ya ce sifirin sai an yi oda, ba za su iso kafin jana'iza ba. Tayoyi kam akwai. Amma ya buɗe but ya nuna masa: ba safaya, ba jak, ba ma wurin ajiye su, domin motar da ta zo da ranfilat haka ake ƙera ta. Ya ce in an sa na gama-gari, tafiyar za ta yi daɗi, amma in aka yi faci sai dai a zauna.

Na sa baki. Na ce, "Sbali, ka bar wa yaro takalmansa mana. Ya saba da jijjigar nan, shi ya biya kuɗi aka sa masa ita."

Ya dube ni ya ce, "Na kai 'ya'yan mutane gida ban girgiza ko ɗaya ba. Ba zan fara da nawa ba."

Cossa ya ɗauko sifana.

Da safiyar Juma'a muka je wurin ajiye motocin. Masu gadi suka ja baya, suka cire hula. Zungu ya durƙusa, ya shafa reshen a kan siminti, ya kira Lungelo da sunansa da sunayen kakanninsa, ya ce masa ya tashi a tafi gida, ga motarsa nan an kawo. Ya shiga ya zauna, reshen a kan cinyarsa, ya ɗaura bel.

Ban taɓa yin tafiya mai nauyin wannan ba. Ni ba a hana ni magana ba, amma da wa zan yi? Bakina ya yi ta ƙaiƙayi har Standerton. Shi kuwa Zungu bai rufe nasa ba. Yana gaya wa ɗansa kowace gada da kowane gari: ga kogin Vaal za mu haye, ga Volksrust, za mu tsaya shan mai, ka zauna. Har ya ce masa, "Ka ji yadda take tafiya yanzu? Abin da nake gaya maka ke nan." Gaskiya kuma tafiyar ta yi laushi, ban da cikin motar da ke gurzar kowane tudu. Na ga kamar tsohon yana jin ya ci gardamar, sai dai babu mai mayar masa.

Bayan Nquthu kwalta ta fara zama tarihi. An yi ruwa da dare, ramuka sun cika sun yi lulluɓi, ba ka sanin wanne ne na wasa wanne ne kabari. Ina tafiya a hankali, ina kewaya su kamar mai rawa. Wata motar haya ta taho a guje ta tsakiyar hanya, na kauce mata, tayar gaba ta gefen Zungu ta faɗa wani da bai nuna alamar zurfi ba. Ƙara ɗaya muka ji. Motar ta ɗan ja, ta karkata, ta kwanta a kan wannan kafaɗa.

Zungu ya ce, "Mun tsaya, ɗana. Ba isowa muka yi ba. Kada ka sauka."

Na fita na duba. Taya ta lafe kamar tsohon takalmi. Da tsoffin tayoyin ne da mun ja jiki a haka har ƙofar gida, domin abin da ya rage ba nisan mota ba ne, nisan ƙafar tsoho ne kawai. Wannan tunani ya zo mini bakin harshe, na haɗiye shi. Na san shi ma ya zo masa.

Na kira yayata. Ta ce motocin gida duk sun fita, wata ta tafi ɗauko rumfa, wata ɗauko kujeru, mu jira. Muna jira sai ga wani mutum a akori-kura cike da kabeji. Ya tsaya, ya leƙo zai yi gaisuwa, ya ga reshen, sai ya cire hula ya koma magana da ni kaɗai. Ya ce bari ya ɗauki Baba ya kai shi. Zungu ya girgiza kai. Ya riga ya gaya wa yaron a motarsa za shi, ba zai sauya masa magana a tsakiyar hanya ba. Mutumin ya ce to a cire tayar, ya kai ta Nquthu a gyara ko a samo wata, ya dawo.

A nan gajerun sifirin suka biyo bashinsu. Jak ɗin akori-kura dogo ne, motar kuma ta manne da ƙasa, ko tafin hannu da ƙyar yake shiga. Muka haƙa rami a gefen titi da ƙarfen taya, muka zura jak ɗin a ciki. Ƙasar jiƙaƙƙiya ce. Zungu ya fito ya tsaya gefe, ya gaya wa ɗansa miƙe ƙafa kawai ake yi. Motar ta ɗagu, taya ta fita. Na ce bari in jera duwatsu a ƙarƙashi don kada a bar nauyin a kan jak kaɗai. Na kwanta, na zura hannu har kafaɗa ina gyara wa wani dutse zama. Mai kabeji ya juya baya yana mirgina tayar.

Mutum ɗaya ne idonsa ke kan jak ɗin, Zungu. Sai na ji ya kira sunana.

"Fanyana, hannunka."

Bai ma ɗaga murya ba. Na fizge, motar ta sauko da dukan nauyinta a kan dutsen da nake riƙe da shi, ya tsage biyu.

Ina zaune a cikin laka ina kallon yatsuna. Mai kabeji ya tsura wa ƙasa ido, can ya ce shi fa bai ji komai ba, kunnensa na hagu ya daɗe da mutuwa. Na ce ni ma ban ji ba, ƙarar ƙarfe ce ta sa na janye. Na ce, "Sbali, da yaron kake magana, kowa ya san haka. Ci gaba da abinka."

Ya dubi reshen ya ce, "Shi ya ji."

Daga nan bai ƙara yi masa magana ba. Ya yi wa mai kabeji godiya, ya tambaye shi ɗan gidan wa ne, ya hau akori-kurar, ni na zauna gadin mota. An ce da ya isa bai nufi garke ba. Ya wuce wurin yayata, tana zaune a kan katifar makoki, ya gaya mata inda ya bar ɗanta.

An yi jana'iza ranar Asabar. Dattawan gidan suka ce abin yana da gyara, ba a kansa aka fara ba. Bayan 'yan kwanaki aka yanka akuya, aka saro sabon reshe, wani ƙanin kakan Lungelo ya je inda motar ta tsaya ya taso shi, ya kawo shi a motar haya, an biya masa kuɗin kujera. Ba wanda ya yi tari a hanya. Dattawa suka ce an gama. Yayata ta karɓa, ko dai ta ce ta karɓa.

Zungu bai koma Katlehong da zama ba. Ya sa aka ja motar zuwa wurin Cossa, aka mayar mata da tsoffin tayoyinta, aka sayar. Bai tambayi wa ya saya ba. Yana can ƙauye, yana kiwon 'yan shanun da ya tara, ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ba ya zargina, da ma ya yi da na sami abin mayarwa. Abin da ya tsaya masa shi ne, wanda ya iso gida yakan nuna kansa a mafarki, ko ga uwa, ko ga ƙanwa, ko ga kawu. Har yau Lungelo bai zo wa kowa ba. Dattawa sun ce wasu sukan jinkirta. Fasto ya ce yaro yana hannun Allah, a daina tone-tone. Zungu ya saurari kowa, bai musa ba.

Yanzu da sassafe yake kirana a waya, kafin in fita aiki. Ya tambayi lafiya, ya tambayi yara, sai ya yi shiru ina jin numfashinsa da kukan zakara a bayansa. Na san abin da yake jira. Matata ta ce in ce masa na ga Lungelo a mafarki mana, a cikin farar riga, yana dariya, tun da bakin nan nawa ya ƙera abin da ya fi wannan. Na shirya maganar sau da yawa, har da abin da yaron zai ce. In ya kira sai ta ƙi fita.

Jiya ma ya kira. Na ce masa tukuna.