Bindigar Mai Guntun Yatsa

Idan ɗari ya shigo, ɗakin Inna Kulu ne matattararmu. Ita ce kakata ta wajen uba, kuma a gidanmu na Dingyaɗi ita kaɗai ke hura wuta a ɗaki, don ta ce ƙashinta ya tsufa, bargo ba ya isar sa. Bayan sallar lisha mukan taru, kowa da ɗan dankalinsa, mu cusa cikin toka mu miƙe ƙafafu. Inna ba ta da haƙurin tatsuniyar Gizo. In mun nace sai ta yi mana guda a gurguje kamar mai shan maɗaci, sannan ta gyara zama ta ce ga ta nan, amma wannan a gidan nan aka haife ta. Mu ce ta fito mu ji ta. Mun san labarin kakanmu ne zai biyo.

Ban riski kakan nawa ba. Sunansa Bawa, shi ne Sarkin Baka, wato shugaban maharban yankinmu. Yana da tsohuwar bindiga mai baki biyu a jere, kowane baki da kunamarsa. Kunamar gaba ke tayar da bakin dama, inda yake sa harsashi mai ƙananan ƙwayoyi na zabin daji da fakara. Ta baya ke tayar da na hagu, inda babban harsashi ke kwance yana jiran babban nama. Duk abin da ya ɓullo daga ciyawa, yatsansa ke zaɓar wanda zai tarbe shi.

Wata shekara bindigar toka ta wani abokinsa ta ƙi tashi. Ya karɓa yana dubawa, ta fashe a hannunsa, ta tafi da rabin manuninsa na dama. Da ciwon ya warke, guntun da ya rage ba ya kai wa ga kunamar gaba.

A daidai lokacin ne Mamman Dogo, wani matashin maharbi, ya dawo gida da bindigar da wani Bature da ya yi wa aiki ya bar masa. Ita ma baki biyu ce, amma kunama ɗaya: ka ja, baki ɗaya ya tashi, ka sake ja, ɗayan ya biyo. Sai gardama ta ɓarke tsakanin maharba, har ranar kasuwar Bodinga ba su da wata hira. Wasu suka ce mai ɗaya ta fi sauri, yatsa ba ya yawo. Wasu suka ce mai biyu tamkar bindiga biyu ce a ƙota ɗaya, in ɗaya ta ƙi, ɗaya na nan. Ƙarƙashin gardamar kuwa kowa ya san abin da ake nufi: wa zai riƙe sarautar, tun da mai ita ba ya iya harbi? Maigari ya ce a bari a cire albasa, sannan a zauna.

Mamman ba mugu ba ne. Har gida ya zo ya durƙusa, ya ce su yi musaya, tun da kunamar tasa a baya take, guntun yatsa zai kai. Inna ta ce wannan kirkin ya fi wa kakanmu ciwo fiye da fashewar bindigar. Ya yi godiya, ya ƙi. Daga nan ya koma bayan rumbu yana zama shi kaɗai, ko tuwo sai an yi da gaske.

A nan muryar Inna kan canza. Ta ce ta gaji da kallonsa, ta sauko da bindigar daga bango ta ɗora masa a cinya.

"Nic ce mashi, Sarki, yatsa guda anka cire maka, huɗu na nan suna cin tuwona. Mi kaka jira?"

Ya sa ƙwanson harsashi da aka riga aka harba, ya fara koyon ja da yatsan tsakiya. Ya ja ta gaba, ya zame zuwa ta baya, ya sake. Da farko yatsan kan kuɓuce, ya kumbura, har ya yi kanta. Maƙwabta na jin ƙyas-ƙyas ta bayan danga suna dariya, wai Sarkin Baka na harbin kaji da bindigar da ba komai ciki. Shi dai ya ci gaba da ja.

Kafin a cire albasar sai wani gadu, ƙaton aladen daji, ya addabi fadama. Ya tone dankali, ya tattake fangalin albasa, ga shi naman da ba mai ci, don haka ba wanda ke ɗokin bin sa. Da kukan manoma ya yi yawa, maharba suka fita da sassafe, Mamman a gaba, kakanmu can gefe ba mai kula shi.

Gadun ya fashe daga cikin kyauro. Mamman ya saita ya ja sau ɗaya, sai bindigar Baturen ta tashi baki biyu a lokaci guda. Ƙarfin ya wurga shi cikin taɓon lambatu, harbin ya bi sama, kunnen dabbar kawai ya yaga. Ga shi a zaune, bindiga fanko, gadu ya sunkuyar da haƙora ya nufo shi.

Inna kan miƙe tsaye a nan, da muciya a kafaɗa. Ta ce dabbar na gudu a gicciye, in kakanmu ya fara da babban harsashi ya kuskure, Mamman ya tafi. Sai ya ja ta gaba, ƙananan ƙwayoyin suka watsu suka yi wa gadun zafi a cinya. Ya bar Mamman ya juyo kan wanda ya taɓa shi. Kakanmu bai gusa ba. Yatsan ya zame baya, ya bari sai da ya ga goshin sosai, sannan ya ja. Gadun ya kife a gabansa.

Mukan yi ta tsalle har mu manta dankalinmu ya ƙone. Wata rana na tambaye ta ko tana wurin, tun da ta san komai haka. Ta harare ni.

"Ba ni wurin, ɗan nema. Amma wa ash shafa ma yatsan nan man shanu kullum? Harbin ga da ni anka yi shi."

Ta ce ba a ma jira cire albasa ba. Mamman da kansa, taɓo har wuya, ya faɗi gaban maigari ya ce, "Ranka shi daɗe, sarauta tana inda tad dace." Sai Inna ta koma ta zauna, ta ce ƙurunƙus, amma yau kan gadu ne, kusu ya huta.

Na girma ina rantsuwa cewa mai kunama biyu ta fi, ni da ban taɓa harba ko ɗaya ba. Sai da wani tsohon mai gyaran bindiga a Shagari ya yi mini dariya, ya ce mai ɗaya in ta samu kula lafiya lau take aiki, ta Mamman dai cikinta ya cinye ne. Raina bai so ba, don ya rage mini daɗin labarin.

Ni tela ne. Shekarun baya babur ya kayar da ni a hanyar Sakkwato, idon sawuna na dama ya sandare, ba ya taka keke. Masu kawo ɗinki suka janye ɗaya bayan ɗaya, masu sona suka ce in sayar da keken in kama tireda, kuma da zuciya ɗaya suka faɗa. A lokacin ne na gane me ya sa Inna kan daɗe a kan zaman bayan rumbu, mu kuwa muna gaggawar a kai ga gadu. Na rufe shago na koya wa ƙafar hagu aikin da ba ta taɓa yi ba, na ɓata ƙyallaye ba iyaka. Ranar da na gama babbar riga ta farko, mai ita ya juya ta ciki da waje yana neman aibi bai samu ba. Ya naɗe ta, ya ce jibi zai kawo na ƴaƴansa. Na jira ya sha kwana, sannan na zauna kan benci na yi ta dariya ni kaɗai har hawaye suka zubo.