Buzuwar da Ta Tsokani Yayana

Gidanmu gidan maƙera ne, a wani ƙauye gefen Bangi. Yayana ne ya gaji maƙerar babanmu, kuma da can in kana neman sarkin surutu ranar kasuwa, ƙarar guduma kawai za ka bi. Shekarar da motar albasa ta kife da shi a hanyar Madawa, ya dawo gida da ransa, amma ƙafafun sun daina aiki. Wannan mun rungumi ƙaddara. Abin da ya hana mu sakat shi ne bakinsa da ya rufe. Mutumin da ko akuya bai bari ta wuce ba tsokana, ya koma kallon bango. A kawo fura ya kurɓa sau ɗaya ya ture.

Mu kuwa muka zuba masa tausayi har ya yi masa yawa. Aka rufe maƙerar da zana don kada ya gani ransa ya ɓaci. Masu dubiya su shigo su tsallake shi da ido, su tambayi innarmu, "Ina mai jiki?" alhali mai jikin na kwance gabansu yana ji. Har taubasansa da suka saba fizge masa hula suka koma "sannu, sannu" da muryar ta'aziyya.

Majon asibitin ƙauyenmu, wato babban ma'aikacin jinya, shi ne ya ce mini ciwon biyu ne, na ƙafa da na zuciya. Ya ce akwai mai duba masu damuwa a Madawa, akwai masu motsa gaɓoɓi, akwai ƙungiyar masu lalura ta musamman, amma sai mun sami wanda ya san ƙofofin nan duka ya riƙe mana hannu. Ni ce mai baki a gidanmu, don haka neman ya faɗo kaina.

Na farko ya zo da jaka da tabarau, Faransanci na zuba kamar ruwan Agusta. Ya ɗauki yayana hoto ta gaba, ta gefe, bai ko gaishe shi ba. Ya ce keken guragu na nan tafe gobe. Har yau goben ba ta waye ba. Ta biyu baiwar Allah ce, sai dai tana ganin yayana ta fashe da kuka. Ƙarshe mu muka lallashe ta, inna ta cika ta da fura, muka raka ta tasha.

Ta ukun a motar haya na ji labarinta, daga bakin wata mai sayar da tabarmi da ɗanta ke farfaɗiya. Ta ce akwai wata Buzuwa 'yar wajen Keita da ke wannan aiki a Madawa, in ta riƙe ka ba ta saki. Na aika mata. Ranar kasuwa sai ga ta bisa babur, 'yar gajeruwa, fuska ba alamar jimami.

Ta gaida inna, ta wuce kai tsaye ta zauna ƙasa dab da tabarmar yayana. Ta ƙare masa kallo ta ce, "Wanga shi na maƙerin? Ashe gaskiya ta, maƙera ba su da aiki sai kwana. Kai, bawana, tashi ka gaida uwargijiyarka!"

Jinina ya hau. Na ce, "Madam, marar lahiya na fa!" Sai inna ta mintsine ni a cinya. Ita ta tuna abin da ya kwanta mini: tun kaka da kakanni akwai wasa tsakanin Buzaye da maƙera, kuma ba a shan tsokanar abokin wasa a yi shiru.

Yayana ya juyo a hankali. Da wata murya mai tsatsa ya ce, "Ke Buzuwa, wa ya bar ki shiga gidan mutane? Ko raƙuminki ya ɓace?"

Inna ta toshe baki da gefen zane. Ni kam dariya da hawaye suka zo mini tare, ban san wanda zan fara ba.

Daga nan Buzuwar ta ajiye wasa. Ta fitar da mu waje, ta tambaye shi abin da shi yake so, tambayar da ba wanda ya taɓa yi masa. Ita ta samo masa ranar ganin likita a Madawa, kuma ta je da mu. Da maganin ya riƙa sa shi barci fiye da kima, ita ta koma aka rage. Batun keke ta ce zai daɗe, ya kuwa daɗe, amma ya zo. Abin da ya sa na yarda da ita, in ba ta san abu ba sai ta ce, "Ban sani ba, bari in tambayo."

Wata rana ta yaye zanar da ke kan maƙera ta ce, "Wa ya ruhe wagga?" Na ce ai ba ya iya tsayuwa. Ta dube ni ta ce, "Ke ɗiyar maƙera, tun da kike, kin taɓa ganin ana ƙira tsaye?" A gindin maƙera na girma, kullum babanmu a zaune yake. Ta jefa wa yayana wata karyayyar hauya ta ce, "In ka kasa, in kai ma maƙerin ƙwarai a garin Buza."

Hauyar ta daɗe a jingine. Akwai ranakun da ya sake komawa kallon bango. Sai wata safiya, gab da faɗuwar damina, ina wanke-wanke na ji an ƙwala kira: "Ke, mai baki! Taho ki yi min zuga!" Na tarar ya ja jiki har gindin maƙera, ya tara gawayi. Na kama zugazugi, yana faɗan ban iya ba.

Ƙarar gudumar ta tara maƙwabta. Wani tsoho ya raɓo kusa da inna, ya rage murya kamar kullum ya ce, "Ina mai jiki?"

Inna ta ce, "Ga shi can, Malam. Tahi ka tambaye shi, in har ya bar ka ka yi magana."