Bashar da Akwatin Zaɓinsa

Duk wanda ya taɓa cin abinci a gidan Malam Bashar a Ƙaura ya san ba a ce masa "kowanne". Ni taubashinsa ne, tare muka tashi, amma ban tsira ba. Wata rana ya tambaye ni, "Haruna, tuwo ko dambu?" Na ce, "Duk wanda ya samu." Mutumin nan ya shiga gida, ya fito da kwano a rufe, ya dire gabana har da ruwan wanke hannu. Na buɗe, wayam!

"Mi ne ne haka?"

"Abin da ka zaɓa ke nan," in ji shi, ya ci gaba da cin dambunsa.

Daga wurin sana'a ya kwaso wannan hali. Manhajar kwamfuta yake haɗa wa makarantu da ƙananan asibitoci, yana kuma koyar da ɗalibai a shagonsa. Kun san ɗan akwatin nan da ake dannawa sunaye su zubo a jere, mutum ya zaɓi ɗaya? To, a kansa Bashar ya ƙare rayuwarsa, har matarsa Inno take cewa da akwatin na shan fura, da ita za a sa damawa.

Akwai ɗalibinsa Lawali, wanda yanzu shi ma malami ne. Ya haɗa akwatin garuruwa, sai ya sa kwamfuta ta riƙa adana matsayin gari a jeri maimakon lambar da aka ba garin. Da aka ƙara Gurbin Bore a sama, kowa ya gusa, mutanen Katuru suka wayi gari 'yan Kurya Madaro ne. Bashar bai yi faɗa ba. Ya kwashi ajin duka zuwa tasha, ya nuna wata dattijuwa a gidan gaba na motar Zurmi.

"Lawali, gaida gwaggonka."

"Malam, ai ban san ta ba."

"Jiya ba nan gwaggonka ta zauna ba? Ai a wurinka kujera ita ce mutum!"

Dattijuwar ta leƙo ta ce in dai ɗan nata ne, ya ɗauko mata buhunta.

Taurin kansa kuwa, a Shinkafi na gani da idona. Wani mai asibiti ya so akwatin rukunin jini ya riƙa fitowa da O tun kafin a taɓa shi, wai don sauri, tunda jama'a da dama O ne. Bashar ya ce a'a, a bar shi babu komai, kuma kwamfuta ta ƙi adanawa sai an zaɓa da hannu. Aka yi ta ja. Can sai Bashar ya ce wa nas ta yi masa rajista kada ta taɓa akwatin. Ta yi. Ya haye gado, ya naɗe hannun riga.

"To likita, ni B ne tun da aka haife ni, ga shi na'ura ta sauya mini. A zuba mini abin da ta ce."

Likita ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Sauka mini daga gado, ka yi yadda kake so."

Amma abin da ba zan manta ba, lokacin da aka yi ta gudu daga ƙauyuka saboda 'yan bindiga ne. Bashar ya haɗa wa masu rabon tallafi manhajar rajista. A makon nan aka tare ƙanena Nura, direba, a hanyar Zurmi, aka shiga da shi daji. Watanni suka shuɗe ba labari. Akwai akwati gaban sunan kowane magidanci, ko yana raye ko ya rasu, kuma a ɗaure yake da sauran bayanan gidan: da an zaɓi "ya rasu", sunan matarsa zai koma cikin waɗanda mazansu suka mutu, kasonsu kuwa ya fi yawa. Jami'in rabon, don tausayi, ya ce a zaɓa wa Hafsi matar Nura haka. Ni ma na goyi baya, yara na jin yunwa.

Bashar ya janye hannunsa daga kwamfuta. "Wa ya ga gawa?"

Ya dubi jami'in, ya dube ni, ya ƙara da cewa:

"Yatsana ba zai sa Hafsi takaba ba."

Na zage shi ranar, zagin da ba na wasan taubasai ba. Ya rufe kwamfutarsa ya tafi gida. Da la'asar sai ga Inno da rabin geron gidansu a ƙofar Hafsi, kuma haka aka ci gaba duk wata.

Bayan damina Nura ya dawo, ƙashi da fata, da sanda yake tafiya. Bashar ya sa aka kawo shi shago, ya juya masa kwamfutar ya ce, "Danna da kanka." Bashar ya riƙe masa wuyan hannu, Nura ya zaɓi "yana raye". Yana gamawa Bashar ya ce masa, "To tashi, kana tare mini iska," ya juya bango yana goge tabarau.

Bashar bai kai wata damina ba, ciwon ƙoda ya ɗauke shi. Nura ne ya shiga kabari ya karɓe shi.

Allah Ya jiƙan Bashar, Ya yafe masa, Ya haskaka makwancinsa. Ya dubi Inno da yaransa da rahama, Ya kuma dawo wa kowa da nasa da ke daji. Amin.