Taƙi Ɗaya Na Ƙarfe Da Ya Mayar Da Yaya Ilu Damagaram

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Yaya Ilu. Ran da aka bugo waya daga Damagaram ina ƙarƙashin mota ina walda. Na ce inna lillahi, na ajiye wayar, na ƙarasa waldar. Tun daga ranar nake jiran kukan ya zo, har yau shiru.

Ba uwa ɗaya muke ba, ba uba ɗaya ba. Shi ya tsince ni a unguwar Mahjar, nan Saudiyya, bayan na zo umra na ƙi komawa, ya kai ni warshar kafilinsa, ubangidan da ya tsaya masa a takardun zama, wato garejin da yake babban makanike, ya koya mini aiki. Shekara ashirin ya yi yana haɗa wa 'ya'yan masu hali motocin tsere, bai taɓa tuƙa ko ɗaya a filin ba.

Akwai wani dogon ƙarfe a ƙarƙashin irin motocin Amurka masu ja da baya. Daga aksul ɗin baya, wato sandar da ke riƙe tayoyin baya, yake tasowa ya miƙe gaba, shi ke hana aksul ɗin murɗewa in an taka mai ko birki. Yaya Ilu yakan ce duk halin mota a tsawon ƙarfen nan yake. In gajere ne, tayar baya takan cafki ƙasa, mota ta fita daga kwana kamar an tsikare ta, abin da ake so ke nan a tseren zagaye robobi a ɗan fili. Amma a doguwar hanya, in ka zo da gudu ka danne birki, sai tayoyin baya su kama tsalle. Dogon ƙarfe kuwa ba shi da zafin tashi, amma ba ya ba ka kunya wurin tsayawa. Sauri ya haifi nawa, in ji shi.

Ɗan kafilinmu yana son mota ɗaya ta yi masa duka biyun, kuma yana son gajere. Yaya Ilu ya ƙi. Ya ce ko a ƙera biyu a riƙa canzawa, ko a bar dogon. Da ya tafi Makka na kwana uku, yaron ya zo ya yi ta yalla-yalla a kaina, wato in yi maza, yana zuga ni wai hannuna ya fi na tsohon. Kaina ya kumbura. Na yanke taƙi ɗaya na sake haɗawa.

Yaron ya ci tseren robobi a filin Abhur, na yi ta washe baki. Mako na gaba ya kai motar doguwar hanya. A kwanar farko ya taka birki, baya ya yi tsalle, motar ta juya ta faɗa rairayi, ƙafarsa ta karye biyu.

Da aka jawo motar, Yaya Ilu ya shiga ƙarƙashi ya shafa waldar da yatsa. Ya san hannuna, shi ya koya mini. Ya fito ya ce a hankali, "Sani, yaranka huɗu ne a nan. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba." Da kafili ya zo yana tambayar wa ya taɓa motar, Yaya Ilu ya ce shi ne. Ɗan kafilin ya yi gum, ni ma haka. Kafili ya ce halas, magana ta ƙare, ya soke wa Yaya Ilu iƙama, wato takardar zama. Cikin wata guda aka sa shi a jirgi, ni kuma aka ba ni wurinsa. Bai cika shekara biyu a gida ba ciwon ƙirji ya tafi da shi.

Yau samari daga waje suke odar ƙarfen nan, mai ramuka, ka matsa gaba ko baya yadda kake so, babu yanka babu walda. Nakan ce da Yaya Ilu yana nan me zai ce? Ina jin zai juya shi a hannu, ya taɓe baki, sannan ya tambayi yaron ina zai tuƙa motar. Wannan tambayar ce kawai na gada, kuma nakan yi ta ga kowa, wasu su ji haushi su tafi.

Warshar an rushe ta. Yanzu a unguwar Safa nake, ina gyaran motocin kai yara makaranta, yarana sun girma, ina ci ina sha. Mutane na cewa na yi sa'a. Ni dai ban jin daɗi, ban jin zafi, kwanaki ne kawai suke wucewa.

Me ya rage na Yaya Ilu? Motocin sun zama gwangwani, waɗanda suka ci kofi da su ba su riƙe sunansa ba. Sunan ne kawai ya rage, shi ma da tabo. Bara wani ɗan garinsu ya gaya mini cewa har yau a unguwarsu ana cewa ɓarnar aiki ya yi aka koro shi, kuma 'yarsa Hadiza takan sunkuyar da kai in an tayar da zancen. Ko ita Yaya Ilu bai gaya wa gaskiyar ba.

Allah ya jiƙan Yaya Ilu. Duk wanda jaridar nan ta kai hannunsa a Damagaram, don Allah ya karanta mata wannan: Hadiza, mahaifinki bai taɓa ɓata aiki ba. Ni Sani na yanke ƙarfen, ina tsaye aka kore shi, ban buɗe baki ba.