Ƙyastun Labbo Mai Shayi

Labbo mai shayi ne a tashar motocin Shinkafi da ke Kaura Namoda, amma idan ka kira shi mai shayi sai ya haɗa rai. Shi a wurinsa maharbi ne, jikan maharbi. Yana da ƙyastu da ya ce na kakansa ne, a cikin wata 'yar jakar fata da ba ya rabuwa da ita. Duk direban da ya zauna shan shayi sai ya ji yadda mutanen dauri ke ƙyasta wuta da ƙarfe da dutsen ƙanƙara, da yadda ashana ta lalata mazan yanzu. Yana wannan bayani yana kunna tukunyar gas ɗinsa da laita. A gida kuwa matarsa Saratu ta ce tun da aka kawo ta ba ta taɓa ganin ya iza ko kara ɗaya a murhu ba.

Da rani ya yi, Gado, wani direban da ya gaji da surutun, ya gayyace shi farauta. Dawa ba ta shiguwa saboda 'yan bindiga, don haka aka tsaya a bayan gonakin wani ƙauye kusa da Birnin Tsaba. Labbo ya zo da warki da layu har gwiwar hannu. Zomo ya tashi a gabansa, ya jefa gora, ta samu karen Gado a ƙafa. Sauran mutane dai suka samo gafiya da makwarwa, aka yada zango ƙarƙashin wata aduwa bayan azahar.

Nan Labbo ya hana kowa taɓa ashana. Ya ce yau za su ga sana'ar gado. Ya karyo ɗanyar sabara da tumfafiya ya jibge, alhali ga busassun kirare ko'ina. Ya durƙusa, ya fito da abduga, ya dinga buga ƙarfe a kan dutse. Tartsatsi ya ƙi. Ya ce iska ce, aka kare masa iska. Ya ce akwai mai baƙar aniya a cikinsu. Ya fasa babban yatsansa, ya tsotse jinin, ya ci gaba, yunwa na cin mutane.

"Malam Labbo, la'asar ta yi," in ji Gado. "Ko mu ci gahiyar ga ɗanya?"

Da aka tafi alwala sai Labbo ya lallaɓa wurin babur ɗin wani, ya tsiyayo fetur a kwanon sha, ya kwarara wa itacen. Ya zaro laita daga cikin jakar kakan nasa. Wutar ta tashi bal, ta lashe masa gira da rabin gemu, ta bi busasshiyar ciyawa ta kama tarin karan dawa da harawar wani manomi.

Mutanen ƙauyen sun san abin da hayaƙi irin wannan yake nufi a shekarun nan. Mata suka goya 'ya'ya suka yi ta kansu, wata tsohuwa ta faɗi ta gurɗe. 'Yan sa-kai suka iso da bindigogi, suka tarar da maharba na dukan wuta da ganye, Labbo kuma na birgima yana salati. Mai harawar, wani dattijo, ya dube shi ya ce, "Ɓarayin daji sun bar muna wagga, kai ka zo ka ida."

Sai da Gado ya yi rantsuwa ya kuma ɗauki alkawarin sauko wa dattijon da harawa a motarsa kafin a sake su. Naman ma a can aka bar shi.

Labbo ya rufe teburinsa har girarsa ta tsiro. Da ya dawo, labarin ya sauya: wutar ƙyastu ce, shi ya sa ta fi ƙarfin mutum goma. Direbobin da suka san gaskiya ba sa musu, sai dai idan za su kunna taba su miƙa hannu su ce ya ara musu na kaka.