Buhu Talatin na Sukari

Wayona ne ya kashe ni, ba wani ba. A shekarun sittin ina da ɗan shago a unguwar Jarwal ta Makka, ina sayar wa alhazai ganyen shayi da sukari. Mahaifiyata, wadda muka biyo ta Sudan tare, tana zaune da mu a unguwar Tandabawi, burinta ɗaya ta koma Katsina ta ga ƙanwata kafin ta cika. Shekara shida muna tara kuɗin jirginta a gwangwani.

Na lura duk shekara sukari kan yi tsada lokacin aikin hajji, alhazai na watsewa ya faɗi warwas. Sai na je wurin wani attajiri mai sito na karɓi rancen buhu talatin. Sharaɗinsa, buhu na ɗauka, buhu zan mayar, ba riyal ba. Ya nemi jingina, na kai masa jarina da kuɗin gwangwanin, tsohuwa ba ta sani ba. Lissafina in sayar da tsada, in saya da araha in mayar masa, rarar ta zama tawa. Kai, har tsarabar da za ta tafi da ita na tsara a raina.

Cikin kwana uku na sayar. Kuɗin cinikin ma attajirin ya ce su zauna wurinsa sai buhunansa sun dawo. Alhazai suka watse, sukari ya ƙi sauka, wai jiragen kaya ba su iso Jidda ba. Duk ranar da farashi ya ɗaga sai ya aiko in ƙara jingina. Ga kuɗina jibge a hannun wani, amma ko kwalin shayi ɗaya ba ni da ikon sarowa, shago ya zama wayam. Garin neman gira na rasa ido. Da na kasa ƙarawa, ya sayi buhunansa da kuɗina a farashin ranar, ya miƙo mini canjin da ko cefanen mako bai kai ba. Wallahi bai cuce ni ba, haka muka yi da shi.

Na durƙusa gaban tsohuwa na faɗi komai, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Na so ta zage ni ko na ji sanyi. Sai kawai ta ce, "Rubuta wa ƙanwarka. Kada ka ambaci kuɗi. Ka ce ƙafata ce ke ciwo, sai baɗi."

Da hannuna na rubuta, kuma har yau abin na cin raina. Amsar ta iso wata biyu bayan mun binne tsohuwa. Ƙanwata tana tambaya ko ƙafar Inna ta yi sauƙi.